Amon Indiya a Zango: Hanyoyi Biyu, Masauki Ɗaya

A shekarar 1957 abubuwa uku suka faru a nahiyoyi uku, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Ranar 6 ga Maris, Kwame Nkrumah ya tsaya a tsohon filin folo na Accra, birnin da mutanen zango ke kira Ankara, ya shelanta 'yancin Ghana. A watan Oktoba, Mehboob Khan ya saki fim ɗin Mother India a Bombai, fim ɗin da aka yi shekaru ana maimaitawa a gidajen silima daga Kano har bakin teku. A birnin Philadelphia na Amurka kuwa, wani mai busa saksofon ɗan shekara 30, John Coltrane, ya rabu da jarabar ƙwaya da giya. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa a wannan shekara ce Allah Ya farkar da zuciyarsa.

Daga wannan zamani amon Indiya ya kamo hanyoyi biyu zuwa Accra. Ɗaya ta biyo ta majigi ta sauka a Tudu, Nima da Maamobi. Ɗaya ta zaga ta Amurka, ta hannun baƙaƙen fata makaɗan jaz, ta iso a kan faifai. Kowace ta ratsa ta nishaɗi, kowace kuma a wurin neman kusanci da Mahalicci ta yada zango. Labarin ta biyu ya cika littattafai. Na farko kuwa mafi yawansa yana bakin dattawa.

Abin da kunne ya riga ya sani

Zango bai jira Indiya ba kafin ya san sautin da ke kwantar da zuciya. Fataken goro daga Kano, Katsina da Sakkwato sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, kuma a cikin kayansu akwai allo da tawada da littattafan yabo. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, jama'arta suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da bakin teku. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi yana karantarwa, yana rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa, har ya rasu a 1934.

A Accra, tsoffin sojojin Hausa da Turawan Ingila suka ɗauka tun yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 sun haɗu da malamai da 'yan kasuwa. Malam Naino ya kafa zangonsa a cikin gari. Ɗansa Malam Bako ya fita ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Tudu ta zama matattarar 'yan tireda da tashoshin mota. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sauka a filin da ya zama Nima, Maamobi ta taso a gefenta.

Wanda ya tashi a waɗannan unguwanni ya girma da kiran sallar asuba, da tilawar almajirai, da Ishiriniya da Burda a watan Mauludi. Ya san sahun wazifa a kewaye da farin ƙyalle, da zikirin Juma'a gab da faɗuwar rana, musamman bayan ziyarar Shehu Ibrahim Inyas ƙasar a farkon shekarun 1950, wadda ta ƙara wa Tijjaniyya ƙarfi. Ginin duk waɗannan iri ɗaya ne. Jimla ce gajera ana maimaita ta, jagora yana ja, jama'a suna amsawa, murya tana kewaya amo ɗaya ba ta yin nisa da shi, sauri yana ƙaruwa a hankali har mutum ya manta da gajiyar jiki. A gefe guda kuma ga kalangu da goge a gidan biki, ga algaita a gaban sarkin zango.

Majigin da ya kawo Bombai

Harkar silima a Ghana ta wancan zamani tana hannun 'yan kasuwa Kwarori da Indiyawa 'yan asalin Sindh. Iyalin Captan da iyalin Nankani su ne suka fi suna. A shekarun 1950 suka fara shigo da finafinan Bombai, ba da daɗewa ba kuma suka lura inda tikiti ya fi ƙarewa: unguwannin Musulmi. Silimar Dunia a Nima, Oxford a New Town, Orion a Circle, Opera a tsakiyar gari kusa da Tudu, nan matasan zango ke yin layi da yamma. Albela na 1951, wanda Bhagwan ya fito a ciki, ya shiga zuciyar mutane ƙwarai. Bayansa Love in Tokyo na 1966 da Noorie na 1979 suka samu irin wannan karɓuwa.

Masu kallon ba sa jin Hindi, amma suna haddace waƙa daga farko har ƙarshe. Ruwa ba ya tsami banza. A kan allon suna ganin mata da mayafi, maza da doguwar riga da rawani, ɗa yana sunkuyawa gaban mahaifiya, masoya suna kunyar juna, auren dole yana raba zukata. Wannan rayuwa ce da suka gane, ba irin ta finafinan kaboyi ba.

Akwai dalili na biyu, kuma a kunne yake. Kiɗan arewacin Indiya ya yi ƙarnoni yana girma a fadojin sarakuna Musulmi da zawiyoyin sufayen Chishtiyya, inda ƙawwali ya samo asali. Naushad, wanda ya tsara kiɗan Mother India, Musulmi ne daga Lucknow. Mohammed Rafi, muryar da zango ya fi sani tare da ta Lata Mangeshkar, Musulmi ne daga Punjab. Shehnai, abin busan da ake ji a duk fitowar biki, dangin algaita ce ta kusa: beli biyu a baki, ƙaho mai buɗewa a ƙarshe, amo mai kaifi da ba ya yankewa. Babban gwaninta, Bismillah Khan na Varanasi, shi ya busa ta a Jar Ganuwa ta Delhi ranar samun 'yancin Indiya a 1947. Jan murya da karya ta a kan harafi ɗaya, wanda mawaƙan fim ke yi, ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba da sha'irai.

Abin da masu layi a Dunia ba su damu da shi ba shi ne, jaz ma yana cikin abin da suke ji. Da yawa daga cikin makaɗan da ke ɗakunan ɗaukar sauti na Bombai 'yan Goa ne, waɗanda da dare suke kaɗa jaz a otal-otal. Ɗaya daga cikinsu, Chic Chocolate, mai busa kakakin Turawa da ake kwatanta shi da Louis Armstrong, ya yi aiki a kiɗan Albela. Armstrong ɗin kansa ya zo Accra a watan Mayun 1956, makaɗin Accra E. T. Mensah ya tarbe shi da kiɗa, dubban mutane suka cika filin folo.

Daga soyayya zuwa bege

Kari mai daɗi ba ya tsayawa inda aka haife shi. Yaro ya fito silima da dare yana rera shi, da safe ya tafi da shi makaranta. Malaman Islamiyya suka ga ba za su iya cire karin daga kan yaran ba, sai waɗansunsu suka zaɓi su canza masa kaya. Aka sauke kalmomin soyayyar saurayi da budurwa, aka ɗora yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A Kano abin ya fi fitowa fili. Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya wanda ya rasu a 1996, ya riga ya tabbatar da bandiri a cikin zikiri, duk da sukar da ya sha. A kan wannan tushe matasa suka kafa ƙungiyoyin bege, ciki har da Ushaƙu Indiya, waɗanda suka ƙware wajen ɗaukar karin fim su zuba masa baitocin yabo da Hausa, bandiri yana riƙe da tafiyar. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta a kansu, haka ma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. A Ghana, Katie Young ta bi sawun irin wannan al'ada a Tamale, inda makarantun Islamiyya ke shirya waƙoƙin Mauludi da Larabci a kan karin tsofaffin finafinan Indiya. Tsakanin Kano, Tamale, Kumasi da Accra kuwa mota ba ta daina zirga-zirga ba, kuma kaset ɗin bege yana cikin kayan da take saukewa a tasha.

Ba kowa ya yarda ba. Malaman Izala a Najeriya, da na Ahlus-Sunna a Ghana, sun ga ganga ba ta da gurbi a ibada. Ko a cikin 'yan ɗariƙa akwai masu cewa karin da aka yi rawa da shi a silima zai riƙa jawo hoton rawar a zuciyar mai sauraro, ko da kalmomin sun tsarkaka. Masu bege suka amsa cewa sun ƙwato matasa ne daga abin da ya shagaltar da su, suka juyo da shauƙinsu inda ya dace. Wannan muhawara tana nan da ranta, kuma kowane ɓangare da gaske yake.

Hanyar da ta zaga ta Amurka

A can ƙetaren teku, Indiya ta fara isa ga makaɗan jaz ta ƙofar addini kafin ta kayan kiɗa. Ƙungiyar Ahmadiyya, wadda ta taso daga Qadian a Punjab, ta tura mai wa'azi Amurka a 1920, ta tura wani Saltpond a gaɓar Ghana a 1921. Ta hannunta makaɗa baƙaƙen fata da dama suka ɗauki sunayen Musulunci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da wariyar launin fata ke hana su kwana a otal ɗin da suka yi wasa. Cikinsu akwai Yusef Lateef, wanda aka haifa a 1920 ya tashi a Detroit. Yana cikin waɗanda suka fara shigo da shehnai da sauran kayan busa na Gabas cikin jaz da gaske.

Coltrane ya girma a gidan limaman coci, matarsa ta farko, Naima, Musulma ce, mai kaɗa masa fiyano McCoy Tyner ma haka. Abin da Coltrane ya samo a kiɗan Ravi Shankar, makaɗin Indiya, dabara ce ta gini. Jaz na wancan lokaci yana gudu ne a kan jerin amo masu sauyawa kowane ɗan taƙi, mai busa yana tsalle daga wannan zuwa wancan. Raga ta Indiya ba haka take ba. Tambura, mai tsirkiya huɗu, tana riƙe amo ɗaya daga farko har ƙarshe, mai kiɗa ya tashi daga gare shi, ya yi yawo, ya dawo. Idan ƙasa ba ta motsi, mai tafiya yana da sukunin yin nisa. A watan Nuwamban 1961, a gidan wasa na Village Vanguard a New York, Coltrane ya ɗauki wani kiɗa da ya sa wa suna India, da ƙaramin saksofon mai siririyar murya. Bahaushen da ya saurare shi zai ji ƙamshin algaita. Shankar kansa almajirin Musulmi ne, Allauddin Khan na Maihar, kuma Alla Rakha ne ya daɗe yana kaɗa masa tabla.

Ranar 9 ga Disamban 1964 Coltrane ya ɗauki A Love Supreme a zama ɗaya, ya miƙa shi a matsayin godiya ga Allah. Ƙashin bayan kashi na farko jimla ce mai gaɓa huɗu, wadda ya yi ta juyawa daga wannan mataki na amo zuwa wancan, a ƙarshe ya ajiye saksofon ya riƙa maimaita ta da baki. A 1965 ya sa wa ɗansa suna Ravi. Ya yi shirin zama ya yi karatu wurin Shankar, ajali ya riga shi ranar 17 ga Yulin 1967, yana da shekara 40.

Matarsa ta biyu, Alice, ita ta kai tafiyar ƙarshenta. 'Yar Detroit ce, an haife ta a 1937, ta tashi tana kaɗa fiyano a coci, yayanta Ernie Farrow kuma yana cikin makaɗan Lateef. Mutuwar mijinta ta bar ta da yara huɗu da baƙin ciki mai tsanani, da wata harf, babban abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, wadda ya yi oda amma ba ta iso ba sai bayan ransa. Ta samu natsuwa wurin wani malamin addinin Hindu, Swami Satchidananda. A watan Nuwamban 1970, a ɗakin ƙasa na gidanta a Dix Hills, ta ɗauki Journey in Satchidananda: tambura tana shimfiɗa amo, harf tana zuba a kai, Pharoah Sanders yana busa, ƙananan ƙararrawa suna ratsawa. Wannan faifai ne aka fi nunawa idan ana maganar jaz na ruhi.

Daga nan ta riƙa janye jiki daga kasuwa. Ta kafa cibiyar ibada a 1975, ta ɗauki sunan Turiyasangitananda, ta koma wani fili mai eka 48 a Agoura Hills na California a 1983. Waƙoƙin ibadar da ta yi a shekarun 1980 a kaset ta fitar da su, don mabiyanta, ba don kanti ba. Duniya ba ta ji su sosai ba sai a 2017, shekara 10 bayan rasuwarta, lokacin da kamfanin Luaka Bop ya tattara su. A 2018 gobarar daji ta cinye wurin.

Aƙidar Alice Coltrane daban, ta mai bege a Nima daban, kuma babu amfanin a haɗa su a ce abu ɗaya ne. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne aikin hannu: amo ɗaya da ba ya gushewa, jimla gajera, maimaici, da yarda cewa sauti yana iya tattara hankalin da ya watse.

Inda hanyoyin suka gamu

Mutumin da ya fara tsayawa a mararrabar ɗan Accra ne. Guy Warren, wanda aka haifa a 1923, ya yi kiɗa da ƙungiyar Tempos tare da E. T. Mensah, ya tafi Shikago a tsakiyar shekarun 1950 da gangar hammata, 'yar'uwar kalangu, a kafaɗarsa. A 1956 ya ɗauki Africa Speaks, America Answers, ya nuna wa makaɗan Amurka cewa ganga tana magana. Bai samu fahimtar da ya nema ba, ya dawo gida, ya karkata ga koyarwar Buddha. A 1969 a Landan ya fitar da Afro-Jazz, kuma mai kaɗa masa jita shi ne Amancio D'Silva, ɗan Bombai wanda ya yi aiki a ɗakunan kiɗan fim kafin ya yi ƙaura a 1967. Hannun da ya kaɗa wa finafinan da zango ke kallo ya zauna kusa da gangar Accra. A 1974 Warren ya canza suna zuwa Kofi Ghanaba. A ƙarshen rayuwarsa ya shirya wani wasa da ƙungiyar matasa mawaƙa ta Winneba, inda ya haɗa kiɗan Handel da manyan gangunan Akan da alamun ibadar Kirista, Buddha da Musulunci. Ya rasu a Disamban 2008.

Ranar 6 ga Maris 1971 kuma, a bikin Soul to Soul a dandalin Black Star, Carlos Santana yana cikin waɗanda suka yi wasa. Bayan shekara uku shi da Alice Coltrane suka fitar da faifan haɗin gwiwa mai suna Illuminations.

Gamuwa mafi zurfi a Zariya ta faru. Daga 1981 zuwa 1985 Yusef Lateef ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin babban mai bincike. Mutumin da ya je neman amon Gabas a shehnai ya ƙare yana nazarin sarewar Fulani makiyaya. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan Najeriya, kuma shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa, wanda ya fito a 1987. Ya zo ne da niyyar koyo, yana da shekara sama da 60.

A Accra ta wannan ƙarni, Nii Noi Nortey na unguwar Anyaa, mai sassaƙa kuma mai ƙera kayan busa, yana ɗora bakin saksofon a kan kayan busan Afirka. Shi da makaɗi Nii Otoo Annan suka kafa Accra Trane Station don raya kiɗan Coltrane da gangunan gida. Steven Feld, wanda ya yi aiki da su, ya ba da labarinsu da na Ghanaba a littafinsa na 2012.

Abin da ya saura

Zamanin silima ya wuce. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta kwashe dubban mazauna zango. Dokar hana fitar dare daga 1982 zuwa 1984 ta kashe harkar dare, bidiyo ya shigo gidaje, manyan silimu da yawa suka koma coci ko rumbun kaya. Son Indiya bai mutu ba, ya dai canza ƙofa: a 2015 tashar Adom TV ta fara nuna shirin Indiya mai suna Kumkum Bhagya da harshen Twi, gari ya ɗauka. Bege ma bai mutu ba. Mauludin da ake yi a ƙarƙashin jagorancin Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Babban Limamin Ghana tun 1993, yana tara jama'a a Fadama kowace shekara, sha'irai suna kwana suna yabo.

Faifan Coltrane da na matarsa suna ajiye a ɗakunan adana tarihi, an san ranar da aka ɗauki kowanne da sunan duk wanda ya taɓa tsirkiya a ciki. Malamin Islamiyyar da ya ɗauki karin Rafi ya mayar da shi yabo bai yi ƙaramin aiki ba: ya auna baiti da kari, ya san inda numfashin yara zai tsaya, ya san abin da zai sa uwa ta zubar da hawaye a taron Mauludi. Wannan fasaha ce, kuma tarihinta na zango ne. Dattawan da suka yi layi a Dunia suna raye a Nima da Maamobi, kaset ɗin suna cikin akwatuna a Tudu da Sabon Zango, tef kuwa yana lalacewa da zafi da raɓa. Matasanmu da ke karatu a jami'ar Legon, da masu riƙe da waya a kowane lungu, suna da kayan aikin da za su zauna gaban waɗannan dattawa su ɗauki sunaye da shekaru da karin da aka rera. Idan zango bai rubuta wannan babi da hannunsa ba, tarihin amon Indiya a Afirka ta Yamma zai tafi da rabi ɗaya kawai.